Tashar da Teku Ya Yi wa Ƙaura

Ran Talata na kai Baba Ostia,
don likita ya ce a riƙa fita da shi.
Settimio, da ya yi shekara arba'in da ɗaya
yana sauke buhuna a bakin ruwan Civitavecchia,
yau ni ke ɗaure masa igiyar takalmi.

Nerina mai sayar da tikiti
ta dubi sandarsa, ta ce,
"Duwatsun hanyar nan ba su san tsoho ba, ku bi gefe."
Ba mu bi gefe ba.
Baba bai taɓa bin gefe ba.

Kaburbura suka fara yi mana maraba.
Haka Rumawan da suke: matattu a ƙofar gari,
masu rai daga ciki.
Yanzu ciki da waje duk ɗaya ne,
sai gyare ke kuwwa bisa itatuwa masu kan laima,
sai ƙadangare, mai unguwar da ya saura,
yana gyaɗa kai a kan jan bulo
kamar wani ya gaishe shi.

"To ina ruwan yake?" in ji Baba.
Na ce, teku ya ja da baya.
Kogin Tevere ya yi ta kawo laka, damina bisa damina,
har tasha ta wayi gari a tsakiyar gonaki.
Ya tauna maganar, ya ce,
"Ashe su ma sallamar su aka yi."

Mun wuce gidan burodi.
Duwatsun niƙa na nan tsaye,
jakunan da suka juya su sun daɗe da hutawa.
Mun wuce makewayin jama'a,
ramuka a jere bisa dakali, ba labule, ba kunya.
Baba ya yi dariya har ta zama tari:
"A nan ake jin farashin alkama
tun kasuwa ba ta ci ba."
A wani shagon abinci ya jingina da kanta,
ya buga ta da tafin hannu sau biyu,
ya jira.
Na jira tare da shi.

Bayan dandalin wasa akwai fili,
daɓensa tsakuwa ce fara da baƙa, ƙanana kamar haƙora.
Kowane ɗan kasuwa ya zana sana'arsa a ƙofa:
ga giwa, ga kifi, ga mudun awon hatsi,
ga jirage biyu da katako a tsakani,
da wani ɗan dako, tulu a kafaɗa, yana hayewa.
Ƙarni goma sha takwas ƙafarsa na sama
bai sauke ta ba.

Nan Baba ya tsaya cak.
"Bai iya ɗauka ba," ya ce. "Dubi ƙugunsa.
Kafin shekara uku bayansa zai ba shi labari."
Ya miƙo mini sanda.
Ya lanƙwasa gwiwa, ya sunkuyar da kafaɗa,
ya ɗauki iska mai nauyin buhu,
ya yi taku huɗu bisa katakon da babu,
yana kiran Evaristo ya kama masa,
Evaristo da muka binne tun ina makaranta.

Jirgin sama ya taso daga Fiumicino,
inuwarsa ta share mu ta wuce.
Baba ya sauke kayansa a hankali,
kada su fashe.

A jirgin ƙasa ya tambaye ni ko an biya mu.
Na ce an biya.
Ya ce in ƙirga, don ba a yarda da masu jirgi.
Na ƙirga tikiti biyu da kwalbar ruwa.
Ya yi barci kafin tasha ta gaba,
kansa a kafaɗata,
ni kuwa na gyara ƙugu
yadda na ga ya yi.